Yadda Ake Zaga Adis Ababa Ba Tare da Tudun Ya Kayar da Kai Ba

Mutanenmu da yawa sun san Adis Ababa, amma iyakar saninsu kujerun filin jirgin Bole. Mai zuwa Jidda, mai zuwa Dubai, mai zuwa sarin kaya ƙasar Sin, duk a nan suke sauya jirgi, su yi gyangyaɗi na wasu awanni su wuce. Ni ma haka na yi ta yi, har ranar da jirgi ya bar ni na kwana biyu a garin. Tun daga nan, duk sa'ad da hanya ta biyo da ni sai na ware kwanaki na shiga ciki, kuma na sha raka 'yan'uwa da abokan tafiya. Abin da zan rubuta a nan shi ne tsarin da na ga ya fi yi wa baƙo daɗi.

Abu ɗaya ne ke juya komai a wannan tafiya: garin a kan tudu yake. Adis Ababa tana da tsayin kusan mita 2,355 daga doron teku. Kano ba ta kai mita 500 ba, Yamai kusan 200, Jos ma da muke wa kallon garin tsauni kusan 1,200 ce. A wannan tsayi, iskar da ke shiga huhunka a kowane numfashi ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Jiki yana sabawa, amma sai ya ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka a wannan gari ana fara yawo daga ƙasa ne a ƙare a sama, ana fara da kaɗan a ƙare da yawa. Wanda ya juya wannan tsari shi ne ke kwana da ciwon kai a otal.

Abin da za ka tanada kafin ka bar gida

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da biza. Nemi bizar ta intanet a shafin gwamnatin Habasha tun kana gida, ka buga ta a takarda. Kada ka dogara da cewa za a ba ka a filin jirgi, domin dokar tana canzawa, kuma akwai shafukan bogi masu kama da na gwamnati da ke karɓar kuɗi ninki. Ka haɗa da katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa.

Rigar sanyi ta gaske, ba 'yar shara ba. Da rana garin yakan yi daɗi, zafi tsakanin digiri 20 zuwa 25, amma da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko, daga Nuwamba zuwa Janairu yakan yi ƙasa da digiri 10 da asuba. Yawancin masaukai ba su da na'urar ɗumama ɗaki, bargo ne kawai. Sa safa biyu ko uku a jaka, da hular sanyi. Mata su riƙe mayafi mai kauri.

Takalmi rufaffe mai riƙe ƙafa. Garin hawa da gangara ne, silifas ba zai kai ka ko'ina ba.

Man kaɗanya ko basilin saboda leɓe da hanci, hula mai baki ko tabarau saboda rana. Sanyin iska yana ruɗar mutum, alhali ranar can tana ƙuna fiye da yadda ake ji.

Farasitamol, gishirin zawo, da duk maganin da ka saba sha, a cikin kwalinsa na asali.

Kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu. Mutanen Nijar ba su da matsala, irin nasu ne. Mutanen Najeriya da Gana masu ƙafa uku su sayi adafta. Idan ka manta, ana samu a shagunan Bole.

Dala ko yuro sababbi marasa yagewa, da katin banki a matsayin madogara.

Sai gargaɗin da ba na wasa da shi. Mai sikila, mai ciwon zuciya, mai asma da ke yawan tashi, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai tsohon ciki, su ga likita kafin su yanki tikiti, su faɗa masa tsayin garin da lamba. Ƙarancin iska da bushewar jiki suna daga cikin abubuwan da ke tayar da sikila, kuma mu al'umma ce da wannan ciwo ya yi wa yawa. Idan da yaro mai sikila za a je, a cire hawan dutsen Entoto daga lissafi gaba ɗaya.

Mataki na 1: Zaɓi lokacin zuwa

Daminarsu babba daga Yuni take zuwa Satumba, ruwa kusan kullum, ga laka ga hazo. Akwai ƙaramar damina wajen Maris zuwa Mayu. Lokacin da na fi so shi ne Oktoba zuwa Janairu: ƙasa kore shar, sama garau.

Ka kauce wa tsakiyar Fabrairu in ba taron ne ya kawo ka ba. Lokacin ne shugabannin Tarayyar Afirka ke taronsu na shekara, ana rufe manyan tituna na awanni, kuɗin otal ya tashi. Idan kuwa kana son ganin garin cikin biki, Kiristocin Orthodox suna bikin Meskel a ƙarshen Satumba, inda ake cinna babbar wuta a dandalin da ke ɗauke da sunan bikin, sai Timkat a 19 ga Janairu. A ƙaramar salla da babba kuma, Musulmi kan cika filin wasa na birnin da titunan da ke kewaye da shi, sahu har inda ido ya tsaya.

Mataki na 2: Ka gama abu uku kafin ka fita daga filin jirgi

Daga Kano ko Abuja tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce. Kana sauka, ka yi tafiya a hankali. Kada ka yi gudu da jaka don ka riga mutane layi, a nan ne mutum ke fara jin zuciyarsa na bugawa.

Na farko, layin waya. Akwai Ethio telecom da Safaricom, da fasfo ake yanka. Na biyu, canji. Kuɗinsu bir ne, ka canza a banki ko a shagon canji mai lasisi, ka adana rasit. Canjin bayan fage laifi ne a can, kuma wanda ya tare ka a titi yana raɗa maka farashi mai daɗi ba masoyinka ba ne. Idan kana ɗauke da kuɗi masu yawa na sari, ko zinare, ka bayyana wa kwastan ka karɓi takarda. An sha ƙwace wa fatake dukiya a kan wannan sakaci. Na uku, mota. Sauke manhajar Ride ko Feres, su ne ke aiki kamar tasi na waya, farashi a rubuce. Otal-otal da yawa suna da motar ɗaukar baƙi kyauta, ka tambaya tun kafin ka taso.

Masauki kuma, baƙon farko ya sauka a Bole ko Kazanchis. Kusa suke da filin jirgi, akwai gidajen abinci na Musulmi, kuma ɓangaren kudu na garin ya fi na arewa ƙasa. In otal ɗin ba shi da lif, nemi ɗaki a hawa na ɗaya.

Mataki na 3: Gyara agogonka, ka gyara alƙiblarka

Adis tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Habashawa suna fara ƙirga awa daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe a wajenmu shi ne ƙarfe 1 a wajensu, azahar ƙarfe 12 ita ce ƙarfe 6. Wani abokin tafiyata ya taɓa shiryawa da direba a kan ƙarfe biyu, yana nufin bayan azahar. Direban ya iso ƙarfe takwas na safe, ya yi ta jira har ya gaji ya tafi, kuma shi ne mai gaskiya a lissafin garinsu. Duk wanda ya ba ka lokaci, ka tambaye shi na Habasha ne ko na Turawa, ko ka nuna masa a fuskar waya.

Kalandarsu ma daban ce: wata 13, goma sha biyu masu kwana 30, na ƙarshe mai kwana 5 ko 6, sabuwar shekara a 11 ga Satumba. Suna bayanmu da shekara bakwai ko takwas. In ka ga tsohuwar shekara a rasit, ba kuskure ba ne.

Alƙibla kuma arewa ce, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Makka kusan saitin Adis take ta sama. Mun saba da gabas har ya zama jiki, na ga mutane sun shimfiɗa darduma suna fuskantar fitowar rana a ɗakin otal. Duba manhaja ko ka tambayi ma'aikaci Musulmi.

Mataki na 4: Ranar farko ta jiki ce

Kada ka tsara komai mai nauyi. Ka kwanta awa biyu ko uku, ka sha ruwan gora fiye da yadda ka saba, ka ci abinci mara maiƙo. Ɗan ciwon kai, haki a matakala, barci mai yankewa, yawan fitsari, duk waɗannan jiki ne ke daidaita kansa. Farasitamol da ruwa da hutu sun isa. Amma ciwon kai da ya ƙi jin magani, amai a jere, haki kana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi ko ruɗewa, wannan asibiti ne nan take, kada a jira gari ya waye. Wanda garin ya ƙi karɓa bayan kwana biyu, likita kan ba da shawarar ya sauka ƙasa. Adama tana da nisan kusan kilomita 100 ta babbar hanya, kuma ta fi Adis ƙasa da mita ɗari shida ko fiye.

Da la'asar, in ka ji daidai, hau mota zuwa dandalin Meskel. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu hawa. A gefensa akwai gidan tunawa da waɗanda aka kashe a zamanin da ake kira Jan Ta'addanci, ƙarƙashin mulkin soja na Derg da Mengistu Haile Mariam ya jagoranta, wanda ya hamɓarar da sarauta a 1974 ya faɗi a 1991. An buɗe gidan a 2010. Ƙarami ne, awa ɗaya ta isa, amma ba ya barin zuciya da wuri: hotunan matasa jere a bango, tufafinsu, da ƙasusuwan da aka tono daga kaburburan bai-ɗaya. Ban ba da shawarar shiga da ƙananan yara ba. Ka bar wani abu a akwatin gudummawa in ka fito.

Daga nan ka koma masauki kafin sanyi ya sauko.

Mataki na 5: Rana ta biyu, daga unguwar Siddist Kilo zuwa Arat Kilo

Wannan ita ce ranar tarihi, kuma wuraren a kan hanya ɗaya suke mai hawa zuwa arewa. Dabarar ita ce ka sa mota ta kai ka can sama, Siddist Kilo, sannan ka gangaro da ƙafa. Yawancin baƙi suna yin akasin haka, su gaji tun kafin su kai wurin da ya fi kyau.

Fara da gidan tarihin al'adu da ke cikin Jami'ar Adis Ababa. Ginin fadar Sarki Haile Selassie ce a da, ya ba wa jami'a. In wuri ɗaya kawai za ka shiga a garin nan, to wannan ne. An jera kayan ne bisa rayuwar ɗan Adam, daga haihuwa da wasan yara, zuwa aure, noma, kiwo, magani, har mutuwa, na ƙabilu daban-daban. Bahaushe zai yi ta tsayawa, don zai ga ƙwarya, akushi, allon karatu, layu, buta, sirdi da linzami, kamar an kwaso daga ɗakin kakarsa. A sama akwai ɗakin kwanan sarkin da banɗakinsa yadda suke. A ƙofar ginin kuma akwai wata matakala da ta murɗa ta hau sama ba ta kai ko'ina ba. Italiyawa ne suka gina ta lokacin mamayarsu ta 1936 zuwa 1941, kowane taki na nufin shekara ɗaya ta mulkin shugabansu Mussolini. Da aka kore su ba a rushe ta ba, sai aka ɗora mutum-mutumin zaki, tambarin sarautar Habasha, a kan takin ƙarshe. Ka ba wurin awa biyu.

Kana fitowa, a shataletalen gaban jami'a akwai hasumiyar Yekatit 12, ta tunawa da dubban mutanen da Italiyawa suka karkashe a Fabrairun 1937 bayan an jefa wa gwamnansu Graziani gurneti.

Gangaro kaɗan zuwa Amist Kilo, gidan tarihi na ƙasa. Nan ne gidan Lucy, wadda Habashawa ke kira Dinkinesh, ƙasusuwan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da ɗan Adam da aka gano a Hadar ta yankin Afar a 1974, masana suka ƙiyasta shekarunsu da miliyan 3.2. Wanda ake nunawa kwafi ne, na asalin yana ajiye. Kada ka tsaya a kanta kaɗai, akwai kayan daular Aksum, kambuna da rigunan sarauta, da zanen Afewerk Tekle. Ka sa ma'aikacin otal ya buga waya ya tabbatar a buɗe yake kafin ka je, don gidajen tarihin kan rufe saboda gyara.

Bayan abincin rana, zaɓi ɗaya cikin biyu, kada ka haɗa. Ko babbar majami'ar Selassie a Arat Kilo, inda aka binne Haile Selassie a shekara ta 2000, shekara 25 bayan rasuwarsa a hannun soja, tare da matarsa Menen. Ko kuma Unity Park, wanda aka buɗe a 2019 a cikin tsohuwar fadar Sarki Menelik na Biyu, inda za ka ga zauren gadon sarauta, babban zauren liyafa, da zakuna masu baƙar geza. Wurin yana harabar fadar gwamnati, don haka bincike da tsauri, ka riƙe fasfo, ka rage kaya. Yana da faɗi da hawa, iyali masu yara sun fi jin daɗinsa. Wanda zai shiga majami'a ya cire takalmi, mace ta rufe kai, a yi shiru in ana ibada. Wanda ba ya son shiga ciki, harabar ma ta isa kallo.

Mataki na 6: Rana ta uku da safe, Markato da Piyasa

Markato kasuwa ce da ake cewa babu kamarta a Afirka wajen faɗi. Wanda ya san Kurmi da Kwari da Sabon Gari, ya haɗa su wuri guda ya ƙara jakuna da 'yan dako masu ɗaukar katifa goma a ka. Italiyawa ne suka kafa ta don su raba 'yan ƙasa da kasuwar tsakiyar gari. Ranar Lahadi yawancinta a rufe take.

Kada ka shiga kai kaɗai karon farko. Nemi ɗan rakiya ta hannun otal, ku yi ciniki kafin ku tashi. Bar fasfo a masauki ka riƙe kwafi, waya a aljihun ciki, kuɗi a raba wuri biyu. 'Yan sanen garin ba su cika amfani da makami ba, dabara ce: ɗaya zai bangaje ka ko ya tofa maka miyau a riga kamar bisa kuskure, ya hau goge maka yana ba da haƙuri, ɗayan na lalube. Ko yara su kewaye ka da tiren kayan talla su danna maka a ƙirji. Duk wanda ya matso haka, ɗora hannu a aljihu ka ja baya. Haka nan saurayin da zai tare ka da Turanci mai daɗi ya ce shi ɗalibi ne, yau ana bikin gargajiya a wani gida, kada ka bi shi. Ƙarshenta takardar kuɗi ce mai nauyi a ɗaki rufaffe.

Sassa uku na fi kai baƙo: layin kayan yaji, inda barkono ke sa atishawa tun daga nesa, layin gahawa da tukwanen dafa ta, da Minalesh Tera, inda ake mayar da tsohuwar taya takalmi, tsohon gwangwani murhu.

A cikin kasuwar ne Masallacin Anwar yake, babban masallacin garin, kuma majami'ar Raguel na maƙwabtaka da shi, kusan katanga da katanga. In ranarka ta faɗo Juma'a, ka je da wuri da dardumarka, don sahu yakan fito har kan tituna. Duk sa'ad da na yi salla a nan sai in tuna ƙasar da nake: nan ce Habashar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbansa hijira ta farko wajen Najjashi, sarkin da ba a zaluntar kowa a gabansa. Amma kada ka zaci za ka ga wurin a Adis. Garin Negash yana can arewa a Tigray, tafiyar jirgi ce daban. Adis kanta sabuwa ce, a 1886 aka kafa ta.

Daga Markato ka wuce Piyasa. An rushe yawancin tsoffin gine-ginen unguwar a 2024 saboda faɗaɗa tituna, don haka tsohuwar taswira za ta ɓatar da kai. A nan ne aka buɗe gidan tunawa da yaƙin Adwa a shekarar, yaƙin 1 ga Maris 1896 da dakarun Menelik suka fatattaki Italiya, abin da ya sa Habasha ta tsira daga rabon Afirka. Shekara bakwai bayan wannan nasara Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila, shi ya sa nake daɗewa a wurin. Kusa da shi akwai majami'ar Giyorgis mai kusurwa takwas, inda aka naɗa Haile Selassie a 1930, da mutum-mutumin Menelik a kan doki. In shagon gahawa na Tomoca, mai tarihi tun 1953, yana kan hanyarka, tsaya ka sha a tsaye kamar yadda 'yan gari ke yi.

Mataki na 7: Entoto, a ƙarshe

Yanzu jikinka ya kai. Dutsen Entoto ya haura mita 3,000, wato kusan ƙarin mita ɗari bakwai ko takwas a kan garin. Na taɓa raka wani matashi mai ƙarfi da ya dage sai ya hau ranar da ya sauka. Bai yi minti talatin a sama ba ya fara amai, muka sauko da shi, kwana biyun da suka rage a gado ya yi su.

Hau da mota, kada ka taka. Ka yi jinga da direba ya jira ka, don samun motar dawowa ta manhaja daga sama ba tabbas. Tashi wajen ƙarfe uku na rana a lissafin Turawa, da rigar sanyi a hannu. A sama akwai majami'ar Maryam da fadar Menelik ta farko, gini mai sauƙi na ƙasa da itace da jinka, wanda zai ba ka mamaki in ka tuna mai shi. A nan ya fara zama, amma sanyi da ƙarancin itace suka dami mutane. Matarsa, Sarauniya Taytu, ita ta sauko wajen maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Filwoha ta gina gida, ta sa wa wurin Adis Ababa, wato sabon fure. 'Yan ƙabilar Oromo kuwa Finfinne suke kiransa har yau. Dajin bishiyar turare da ya rufe dutsen a zamanin Menelik aka kawo irinsa daga Ostireliya don maganin matsalar itace. Za ka ga mata suna gangarowa da damin itace a gadon baya wanda ya fi su faɗi. Kada ka ɗauke su hoto ba izini.

Akwai wurin shaƙatawa da aka buɗe a 2020, da hanyoyin tafiya, dawakai da wuraren shan gahawa. Yi tafiya kaɗan, zauna da yawa. Daga nan ake ganin garin gaba ɗaya a shimfiɗe.

A hanyar saukowa ka tsaya Shiro Meda, kasuwar masaƙa. Nan ake sayen netela, farin mayafin auduga mai ado a baki, da gabi, mai kauri kamar gwado. Taya daga rabi, cikin fara'a. Saƙar hannu tana da 'yan ƙulle-ƙulle a zare, ta inji sumul take.

Mataki na 8: Ci da sha

Abincinsu injera ce, faffaɗa mai tsami kamar sinasir da ya kwana, wanda ya san kisirar Sudan ya san danginta. Da tef ake yi, hatsi mai ƙanƙanta kamar acca. A kanta ake zuba miya, da ita ake ɗiba, da hannun dama. Tsamin kan ba baƙo wuya ranar farko, ka fara da shiro, miyar garin wake mai laushi, ko tibs, soyayyen nama.

Maganar yanka a bayyane take a can. Mahauta suna sa alama a shago: gicciye na Kirista, jinjirin wata na Musulmi, kuma kowa na sayen nasa ba tare da jin haushi ba. Tambayi gidan abincin Musulmi, suna da yawa a Bole da Markato. In ba ka samu ba, ce a ba ka beyaynetu, farantin azumin Kiristoci, wake da ganye da kayan lambu zalla, babu nama babu man shanu. Laraba da Juma'a kusan ko'ina akwai shi. Kitfo ɗanyen nama ne, baƙo ya bar shi ko ya ce a dafa sosai. Tej, ruwan ɗorawa a kwalba mai dogon wuya, giyar zuma ce, kada kamanninta da lemo ya ruɗe ka.

In aka gayyace ka shan buna, wato gahawa, ka ba shi lokaci. A gabanka za a soya, a daka, a dafa a tukunyar ƙasa, ga turaren wuta ga gugguru. Zagaye uku ne, na ƙarshe sunansa baraka, kuma tashi kafin shi rashin ladabi ne. Kalma huɗu za su yi maka aiki: selam gaisuwa, ameseginalehu na gode, sint no nawa ne, ishi to.

Mataki na 9: In ka sami ƙarin rana, ko in ba ka da ko ɗaya

Mai ƙarin rana ya nemi ganin zauren Africa Hall, inda aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 25 ga Mayu 1963, da sa hannun shugabanni irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, Diori Hamani da Kwame Nkrumah. Yana cikin harabar Majalisar Ɗinkin Duniya, shi da hedikwatar Tarayyar Afirka da Sin ta gina aka buɗe a 2012, duk sai da izini tun gaba. In ba ka samu ba, ka wuce ta gabansu a mota. Kada ka ɗaga waya a gaban fada, barikin soja, 'yan sanda ko ofishin jakadanci. Fita wajen gari kuwa, sai ka tambayi halin tsaron hanyar a ranar, kuma ka dawo kafin duhu.

Wanda yada zango kawai ya yi, awa takwas zuwa ashirin da huɗu, ya je teburin masu sauya jirgi na Ethiopian Airlines ya tambaya, sukan ba da otal da takardar fita in tikitin ya cancanta. Da irin wannan lokaci wuri ɗaya za ka zaɓa, gidan tarihin jami'a ko na ƙasa, sai abinci da gahawa. Ban da Entoto, ban da Markato. Ka koma filin jirgi awa uku kafin tashi, don cunkoson yamma a titin Bole ba ya da tabbas.

Mataki na 10: Haɗa kaya

Tsarabar da ta fi ita ce gahawa, ta Yirgacheffe ko Sidama ko Harar, a leda rufaffiya daga shago, sai yajin berbere, zuma, turaren wuta da mayafi. Zuma da yaji a babbar jaka, a naɗe su biyu. Kada ka sayi tsohon littafin fata ko tsohon kayan majami'a, fitar da kayan tarihi ba takarda laifi ne. Ganyen chat da za ka ga ana tauna a fili halal ne a dokarsu, amma a Najeriya da Saudiyya kayan maye ne da ke kai mutum kurkuku, ko reshe ɗaya kada ya shiga jakarka. Kada kuma ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya yi maka Hausa. Sauran bir da ke hannunka ka kashe ko ka mayar a banki da rasit ɗin nan da ka adana tun ranar farko, domin da ka bar ƙasar babu mai canza maka shi.